Takarar kujerar majalisar birni a Nyohini: ƙofa a buɗe, iko a wani hannu

A ranar 19 ga Disamba 2023 aka gudanar da zaɓen majalisun gundumomi na baya-bayan nan a ƙasar Gana, kuma da yake kundin tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya tsara a riƙa yin wannan zaɓe duk bayan shekara huɗu, zagaye na gaba zai faɗo a 2027. Sharhin yau ya shafi mutumin da ke zaune a Nyohini, ɗaya daga cikin unguwannin birnin Tamale, wanda ya fara tunanin neman kujerar wakilcin unguwarsa a Majalisar Birnin Tamale, kujerar da mutanen gari ke kiran mai ita asambiliman, suna kuma gaishe shi da Onarabul. Abin da ya kamata irin wannan mutum ya fara ganewa shi ne, doka ta sauƙaƙa masa shiga takara fiye da yadda aka saba gani a ƙasashen maƙwabta, amma ba ta ba kujerar ikon da zai kai nauyin da jama'a za su ɗora masa ba, kuma a wannan tazara ce yawancin masu takara ke tuntuɓe bayan sun ci zaɓe.

Asalin tsarin ya girmi kundin tsarin mulkin da ake aiki da shi yanzu. Gwamnatin mulkin soja ta Jerry Rawlings ce ta kafa shi da doka mai lamba 207 ta 1988, wadda ta raba ƙasar zuwa gundumomi 110, aka kuma yi zaɓen farko tsakanin ƙarshen 1988 da farkon 1989, a lokacin da jam'iyyun siyasa suke a haramce. Da aka koma mulkin farar hula, sai kundin 1992 ya ɗauki tsarin kusan yadda yake, ya ware masa babi na 20, sannan dokar ƙananan hukumomi ta 1993 ta fayyace shi, kafin dokar 2016 mai lamba 936 ta maye gurbinta. Yau gundumomin sun kai 261, an kuma kasa su gida uku bisa yawan jama'a: gunduma ta gama-gari, wadda ake bukatar ta kai mutum dubu 75, da ta matsakaicin gari mai dubu 95, da ta babban birni mai dubu 250. Tamale ta hau matakin babban birni a 2004, kuma a 2012 aka yanke mata Sagnarigu ta zama gunduma mai cin gashin kanta, abin da ya sa wasu unguwannin da baƙo zai ɗauka Tamale ce ba su cikin hurumin majalisar birnin. Saboda haka tambayar farko ga mai niyyar takara ita ce ta iyaka, wato a wace mazaɓar unguwa sunansa yake a rajistar masu zaɓe, domin mazaɓar unguwa, wadda ita ce mafi ƙanƙantar yanki da ke aika wakili ɗaya zuwa majalisa, ba lallai ba ne iyakarta ta dace da iyakar da mutanen unguwa suka sani a baki.

Sharuɗɗan cancanta ba su da yawa. Dole mai takara ya kasance ɗan ƙasar Gana da ya kai shekara 18, sunansa yana cikin rajistar masu zaɓe, yana da cikakken hankali, ba ya ɗauke da hukuncin kotu irin wanda ke hana riƙe muƙami, ya kuma biya harajin da ake bin sa ko ya yi yarjejeniyar biya da hukuma ta amince da ita. Akwai kuma sharaɗin zama, wanda dokar ta fassara da cewa mutum ya zauna a gundumar aƙalla wata goma sha biyu, a haɗe ko a rarrabe, cikin shekaru huɗun da suka gabaci zaɓe, kuma wannan sharaɗi yana da muhimmanci a gari irin Tamale inda matasa da yawa ke kai-komo tsakanin gida da Kumasi ko Akra domin neman abin kai. Ba a neman takardar shaidar makaranta, ko da yake takardun majalisa da Turanci ake rubuta su, don haka wanda ba ya iya karanta kasafin kuɗi da kansa zai dogara da fassarar wani a daidai wurin da bai kamata ya dogara da kowa ba.

Fom ɗin tsayawa kyauta ne, ana karɓar sa a ofishin Hukumar Zaɓe na gunduma, kuma babu kuɗin ajiya irin wanda ake ɗora wa masu neman kujerar majalisar dokoki ta ƙasa. Abin da ake bukata shi ne mutum ɗaya ya gabatar da ɗan takara, wani ya mara masa baya, wasu 18 kuma su sa hannu, dukkansu masu rajista a mazaɓar, sannan a haɗa da hotunan ɗan takarar a mayar da fom cikin kwanakin da aka ƙayyade. Kwanakin nan kaɗan ne, kuma tarihi ya nuna ba abin wasa ba ne. A 2015 wani masunci daga Winneba, wanda aka ƙi karɓar takardunsa bisa hujjar cewa lokaci ya wuce, ya kai Hukumar Zaɓe ƙara Kotun Ƙoli, kotun kuma ta gano cewa ƙa'idar da aka dogara da ita ba ta cika sharuɗɗan fara aiki ba, sai aka ɗage zaɓen ƙasar baki ɗaya daga 3 ga Maris zuwa 1 ga Satumba. 'Yan takara da yawa sun riga sun buga fosta sun kashe abin da suka tara, suka koma suka sake lale. A rana guda da zaɓen wakilin majalisa ake zaɓen kwamitin unguwa mai mutum biyar, wanda shi ne matakin ƙarshe na tsarin, kuma mai son fara koyon aikin ba tare da ɗaukar babban kaya ba yana iya farawa daga nan, domin sa hannun da ake nema ya fi kaɗan.

Babban abin da ya bambanta wannan zaɓe da na ƙasashen da masu sauraro suka fi sani shi ne sashe na 248 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce ɗan takara zai gabatar da kansa ga masu zaɓe a matsayin mutum shi kaɗai, ba zai yi amfani da alamar kowace jam'iyya ba, kuma jam'iyya ba za ta tsayar da shi, ko ta ɗauki nauyinsa, ko ta ba shi dandali, ko ta yi masa yaƙin neman zaɓe ko ta yaƙe shi ba. Sashe na 55 ma ya ƙarfafa hakan, inda ya ba jam'iyyu damar tsayar da 'yan takara a kowane zaɓe in ban da na majalisun gundumomi da abin da ke ƙasa da su. Shi ya sa a takardar jefa ƙuri'a ba a ganin laima ta jam'iyyar NDC ko giwa ta NPP, sai suna da hoton mutum, kuma Hukumar Zaɓe ce ke shirya dandali ɗaya a unguwa inda 'yan takara ke tsayawa ɗaya bayan ɗaya su faɗi manufarsu su amsa tambayoyi. A Najeriya kuwa jam'iyya ce ke ba kansila tikiti, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓe, kuma sakamakon ya saba zama na jam'iyyar gwamna, kamar yadda aka gani a Kano a Oktoba 2024 inda jam'iyya ɗaya ta kwashe shugabancin ƙananan hukumomi 44 da kujerun kansila 484. A Nijar a da ana zaɓen kansiloli ne ta jerin sunaye, su kuma su zaɓi magajin gari a tsakaninsu, kafin hukumomin soja su rushe majalisun a Afrilu 2024. Idan aka auna da waɗannan, ɗan Nyohini da ba shi da uban gida a siyasa yana da damar da takwaransa na Fagge ko na Maraɗi ba shi da ita, domin babu wani sakataren jam'iyya da zai iya cire sunansa da dare.

Sai dai duk wanda ya san Tamale ya san cewa rashin alama a takarda ba ya nufin rashin jam'iyya a ƙasa. Kafin a buɗe karɓar fom, dandalin matasa da ke shan shayi a bakin titi sun riga sun san wane ne na laima, wane ne na giwa, kuma babura da riguna da kuɗin fosta sukan fito daga hannun da ba ya son a ambaci sunansa. Dalilin wannan sha'awa ta jam'iyyu a rubuce yake cikin kundin da ya hana su shiga. Sashe na 242 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa har kashi 30 cikin ɗari na 'yan majalisar, bayan tuntuɓar sarakuna da ƙungiyoyin al'umma, sashe na 243 kuma ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban birni, wanda shi ne ke riƙe da aikin zartarwa na yau da kullum, da sharaɗin kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta suka kuma jefa ƙuri'a su amince. Lissafin a fili yake: a majalisa mai mutum 100, idan 30 naɗaɗɗu ne kuma suka bi wanda ya naɗa su, to mutum 37 kawai ake nema daga cikin zaɓaɓɓu 70 kafin a tabbatar da shugaban birni. A birni kamar Tamale, inda NDC ta daɗe da ƙarfi amma NPP ta yi mulkin ƙasa daga 2001 zuwa 2009 da kuma daga 2017 zuwa 2025, ƙuri'ar kowane zaɓaɓɓen wakili a ranar tabbatarwa tana da daraja, kuma jam'iyyar da ta bar zaɓen unguwa ya tafi ba tare da ta sa ido ba za ta biya farashinsa a wannan rana. An yi yunƙurin kawo ƙarshen wannan ɓoye-ɓoye a 2019, lokacin da aka tsara ƙuri'ar raba gardama a ranar 17 ga Disamba domin gyara sashe na 55 a bar jam'iyyu su fito fili, amma bayan NDC ta nemi a ce a'a, ra'ayin sarakuna kuma ya rabu, Shugaba Akufo-Addo ya janye shirin a ranar 1 ga Disamba, har da ƙudurin da zai ba jama'a damar zaɓen shugaban gunduma da kansu. Hukuncin da ya dace a yanke a nan shi ne, haramcin ya fi kare ɗan takara a ranar tsayawa fiye da yadda yake kare shi bayan ya shiga zauren majalisa, kuma wanda ya karɓi taimakon ɓoye ya san akwai ranar da za a zo karɓar bashi.

Bayan jam'iyya akwai gari, kuma gari ya fi jam'iyya tsufa. Unguwannin Tamale da dama asalinsu matsugunan Dagombawa ne da birni ya faɗaɗa ya haɗiye tun bayan da Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar Yankunan Arewa nan a 1907, kuma har yau fili a hannun sarauta yake, don haka wakilin da ke son wurin gina banɗakin jama'a ko ajiye kwandon shara ba zai same shi ba sai ya bi ta fada. Mai takara mai hankali yakan fara da gaisuwa, da goro a hannu, wurin sarkin unguwa da dattawa da limamai da magajiyoyin da ke jagorantar ƙungiyoyin mata, tun kafin ya buga fosta ko ɗaya, domin wanda aka ga hotonsa a bango kafin a ga ƙafarsa a zaure ya riga ya yi laifin da ba a faɗa. Haka kuma dole ya san inda ba a taka ba. Rikicin sarautar Dagbon, wato masarautar Dagombawa, tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, wanda ya kai ga kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi a Maris 2002, ya shafe shekaru yana raba kan unguwanni da masallatai da ƙuri'u, kuma ko da yake naɗin Ya-Na Abukari na Biyu a Janairu 2019 ya kwantar da ƙura, ɗan takarar da ya nemi ƙuri'a da wannan tsohon miki yana wasa da abin da ya fi kujerarsa girma. Ga Hausawa da sauran mutanen zango, waɗanda kakannin da yawa daga cikinsu suka watsu daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892 suka kafa kasuwanci a garuruwan arewa, wannan zaɓe yana da wata fa'ida ta daban, domin dokar ba ta tambayar asalin kaka, tana tambayar zama ɗan ƙasa ne da rajista da zama a gunduma, ko da yake wanda ba ya jin Dagbanci zai sha wuya a dandalin Nyohini komai iya Hausarsa.

Aikin da doka ta ba wakili ya bambanta ƙwarai da aikin da unguwa ke ba shi. A dokance, aikinsa shi ne ya riƙa tuntuɓar mutanen mazaɓarsa kafin zaman majalisa, ya kai ra'ayinsu, ya halarci zama, wanda aƙalla sau uku ake yi a shekara, ya shiga ƙananan kwamitoci irin na kuɗi da gudanarwa, da na ayyuka, da na tsare-tsaren ci gaba, da na walwalar jama'a, da na shari'a da tsaro, ya dawo ya ba jama'a rahoto, ya kuma jagoranci aikin gayya. Yana da ƙuri'a a kan kasafin kuɗi, da kan ƙudurin da ke ƙayyade harajin gidaje da kuɗin rumfar kasuwa da lasisin sana'a na shekara, kuma wannan ƙudurin shi ne wurin da wakili zai iya taɓa rayuwar mai tebur a kasuwar Aboabo ko mai tuƙa keke mai ƙafa uku kai tsaye, ko da yake ba kasafai ake jin ɗan takara ya ambace shi a dandali ba. A wurin unguwa kuwa, Onarabul shi ne wanda ake buga wa ƙofa da asuba idan 'yan sanda sun kama yaro, ko mai naƙuda tana bukatar mota, ko fitilar titi ta mutu, ko kwata ta toshe ruwan damina ya shiga ɗakuna, kuma ba a yin suna ko biki ko sadakar mamaci ba tare da an duba ko ya zo da abin da ya zo da shi ba. Matsalar da ta fi damun Tamale a rani, wato ƙarancin ruwan famfo, ba ta hannun majalisa ma, domin ruwan yana zuwa ne daga matatar Dalun da ke jan sa daga kogin Farin Volta, ƙarƙashin kamfanin ruwa na ƙasa, kamar yadda wutar lantarki take hannun kamfanin rarraba wuta na arewa. Ɗan takarar da ya yi alkawarin ruwa ya yi alkawarin abin da ba nasa ba ne, abin da zai iya kawai shi ne ya rubuta takarda, ya bi sawu, ya tara jama'a, ya nemi rijiyar burtsatse daga ƙungiyar agaji, waɗanda Tamale ke da su da yawa.

Kuɗin aiki ma haka yake. Sashe na 252 ya tanadi Asusun Bai-ɗaya na Majalisun Gundumomi, inda ake ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a raba wa gundumomi, amma kuɗin ya saba zuwa a makare, kuma ba a ba wakilin unguwa wani kaso nasa na kansa da zai kashe a mazaɓarsa, alhali ɗan majalisar dokoki ta ƙasa yana da kason da ake ware masa daga asusun. Shekaru da dama wakili ba shi da albashi, sai alawus ɗin zama da na sufuri daga aljihun majalisa, da babur da gwamnati kan raba, da ɗan abin sallama a ƙarshen wa'adi, kuma sai a 2025 gwamnatin John Mahama ta fara tsarin alawus na wata-wata. Wannan ya rage raɗaɗi amma bai sauya lissafi ba, domin abin da unguwa ke ci daga aljihun wakili a wata guda na bukukuwa ya kan wuce abin da ya karɓa, kuma mutumin da ba shi da sana'ar da ke riƙe da gidansa kafin ya shiga yakan zama abin sayarwa a ranar da ake neman kashi biyu cikin uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: wakili ne ke shan zagin unguwa a kan hanyar da ba a gyara ba, alhali kwangilar da sa hannun biyan kuɗin suna ofishin shugaban birni da manyan ma'aikatansa.

Wannan nauyi ne ya fi bayyana dalilin da ya sa mata ba su kai kashi 10 cikin ɗari na zaɓaɓɓun wakilai a faɗin ƙasar ba, duk da cewa fom kyauta ne kuma su ne suka fi sanin halin ruwa da shara da asibiti. Macen da ta fito a unguwa irin Nyohini tana bukatar yardar gidan miji da ta gidan iyaye, tana fuskantar tambayar ko nan ne garinta ko aure ya kawo ta, kuma yawon dare gida-gida, wanda shi ne ainihin yaƙin neman zaɓe a wannan mataki, yana jawo mata maganar da ba ya jawo wa namiji. Dokar daidaita wakilcin jinsi da majalisar dokoki ta zartar a 2024 tana iya yin tasiri a kujerun naɗi, amma a kujerun zaɓe babu jam'iyyar da za a tilasta wa ta tsayar da mata, tun da a dokance jam'iyya ba ta tsayar da kowa.

Abu na ƙarshe da mai takara zai lissafa shi ne fitowar masu zaɓe. Zaɓen farko na 1988 da 1989 ya jawo fiye da rabin masu rajista, amma a zagayen baya-bayan nan fitowar ta tsaya ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, alhali zaɓen shugaban ƙasa yakan jawo kashi 60 zuwa 80. Tun da wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne ya ci, ba tare da an nemi ya haye rabi ba, kuma kujera ɗaya kan samu masu nema uku ko huɗu ko fiye, 'yan ɗaruruwan ƙuri'u suna iya isa, tazarar kuma takan zama ta gida biyu ko uku masu yawan jama'a. Saboda haka aikin da ya fi fosta da lasifika amfani shi ne samun rajistar mazaɓa a bi ta rumfa-rumfa, a san waɗanda suka yi ƙaura da waɗanda rajistarsu take wata unguwa ko da yake a nan suke kwana, a kuma tanadi wakili amintacce a kowace rumfar zaɓe wanda zai tsaya har a ƙirga ƙuri'a a gabansa ya sa hannu a takardar sakamako.